Inci ɗaya a ƙafar jirgi

Na shekara biyu ina tuƙa jirgina ban taɓa auna nisan da ke tsakanin sandar farfela da ƙasan jirgin ba. Jirgin gudu ne na teku, tsawonsa kusan mita goma, ƙasansa mai zurfin siffar V, irin mai kusurwar digiri 24 ɗin nan da mai zanen jiragen ruwa Ray Hunt ya zana, wanda ya yi suna bayan tseren jiragen ruwa daga Mayami zuwa Nasau na 1960. Inji biyu ne a cikinsa, ƙirar 496 HO, kowanne mai ƙarfin doki 425, a bayansu kuma ƙafafu biyu ƙirar Bravo One masu giya 1.50, wato inji ya juya sau ɗaya da rabi kafin farfela ta juya sau ɗaya. Ƙafa ita ce abin da ke manne da bangon baya, tana karɓar juyin inji ta sauke shi ƙasa zuwa farfela, kuma da ita ake karkata jirgin dama da hagu. Duk ƙarfin da inji ya haifa ta nan yake bi ya shiga ruwa.

Mil 70 a awa nake yi idan teku ta kwanta, injin yana juyi 4,900 a minti, da farfela mai kunne huɗu mai taku 26. Taku shi ne incin da farfela za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take shiga kamar sukurun katako. Ina son ƙarin gudu, kuma tunanina na farko a kan injin ya tsaya. Wani dattijon makanike da ya daɗe yana haɗa irin waɗannan jirage ne ya juyar da ni. Ya durƙusa a bayan jirgin yana kan tirela, ya daidaita ƙafar har sandar farfela ta yi layi ɗaya da ƙasan jirgin, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a ƙasan daidai gaban ƙafar, ya auna. Inci biyar.

Ya ce, "Malam, rabin dokinka jan ƙarfe yake yi a cikin ruwa. Kafin ka taɓa inji, rage abin da kake ja."

Na ce, "Baba, to nawa kuke ganin za a ɗaga?"

Ya ce jirgin ne zai faɗa mana, amma da sharaɗin abu ɗaya za a riƙa canzawa a kowace fita.

Hanya biyu ce ake ɗaga sandar farfela. Ta asali ita ce a cike ramin bangon baya inda ƙafar ke haɗuwa da inji da katako da faiba, a sake yanka shi a sama, a ɗaga injin ma gaba ɗaya don ya yi daidai da ƙafar. Aiki ne babba, kuma idan an wuce gona da iri komawa baya da wuya. Ta biyu ita ce a cire rabin ƙafar na ƙasa a sa gajere, irin wanda kamfanoni kamar IMCO ke ƙerawa. Ta biyun na zaɓa, gajere da inci biyu, saboda idan ya yi yawa ana iya cusa farantin ƙari tsakanin rabin sama da na ƙasa a sauko da rabin inci ko inci ɗaya. Wannan zaɓi shi ne ya cece ni daga baya.

Kafin fitar farko sai da ya koya mini lissafin zamewa, wanda har yau shi ne abin da na fi dogara da shi. Ka ninka juyin inji da takun farfela, ka raba da adadin giya da aka ninka da 1056, sai ya ba ka gudun da za ka yi a mil da farfela ba ta zamewa ko kaɗan. Nawa ya ba da mil 80 da ɗoriya, alhali na'urar GPS 70 take nunawa, wato zamewa kashi 13 cikin ɗari. Amfanin wannan lamba shi ne tana gaya maka dalilin da allurar juyi ta hau. Ko dai ja ya ragu, ko kuma farfela ce ta fara sakin ruwa. A kunne duka biyun ƙara ɗaya suke yi, a takarda ne suke rabuwa.

Da gajerun ƙafafun, injin ya haura har ya riƙa bugun iyakarsa, don haka na koma taku 28. Inci ɗaya na taku yakan sauke juyi da kamar 150 zuwa 200, kuma hakan na gani. Na tsaya a 4,850, gudu mil 74. Mil huɗu ba tare da na kwance noti ɗaya a inji ba. Na yi murna sosai a ranar, kuma murnar ce ta sa na yi watsi da alamu uku da jirgin ya nuna mini tun a wannan fita.

Ta farko, tashi ya yi wuya. A da ina tura maƙura hancin ya ɗaga, jirgin ya hau saman ruwa ya kwanta. Yanzu farfelun na kusa da sama, suna zuƙo iska, injin ya yi ihu jirgin bai motsa ba, sai na sauke fikafikan baya duka, wato farantan da ke danne hancin jirgi ƙasa, na riƙa lallaɓa maƙura. Da mutum biyar da cikakken tanki abin ya ƙara muni. Ta biyu, allurar matsin ruwan sanyaya tana rawa. A irin wannan ƙafa, ruwan da ke sanyaya inji ta ramukan jikin gidan giya yake shiga, famfo mai robar fuka-fuki ya ja shi. Ka ɗaga ƙafa, ka kuma karkata ta sama don gudu, ramukan sun kusa fita daga ruwa, famfon ya fara haɗiyar kumfa. Robar nan ba ta jure bushewa. Ta uku ita ce rangaji: daga mil 72 jirgin ya fara jefa kansa gefe zuwa gefe a kan tsinin ƙasansa, kamar mai tafiya a kan igiya.

Ranar da na gane nauyin abin, teku tana da taguwa matsakaiciya, ina tafe da kusan mil 55, na karya kwana zuwa hagu ba tare da na sauke ƙafafun ba. Farfelar waje ta saki ruwa gaba ɗaya. Bayan jirgin ya zame, hancin ya kafe, muka juyo da ƙarfin da ya buga abokin tafiyata da jikin jirgin. Igiyar kashe inji tana ɗaure a jikina, rigunan ceto suna jikinmu, babu wanda ya faɗa ruwa, amma ya yi makonni yana jin haƙarƙarinsa. Ni na haɗa jirgin a haka, ni kuma na ga alamun na ƙyale. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba.

Daga nan na koma kan sharaɗin dattijon da gaske. Na sayi ƙaramin littafi, kowace fita ina rubuta yawan mai, yawan mutane, yanayin iska, matsayin ƙafa a ma'auni, juyi, gudu da matsin ruwa, kuma ina gudu zuwa da dawowa a hanya ɗaya in ɗauki matsakaici, don iska da igiyar ruwa suna iya ba ka mil biyu na ƙarya.

Abu na farko da muka gyara ba shi da alaƙa da tsawo. Mun kama kowace ƙafa da hannu muka girgiza, sai ga wasa a sitiyari, kusan faɗin yatsa a ƙarshen ƙafar. A ƙaramin gudu ba ka jin wannan. A mil 70, lokacin da ɗan yanki kaɗan na ƙasan jirgin ne ke taɓa ruwa, wannan wasan ya isa ya kunna rangaji, direba ya yi ta gyara yana makara. Muka sa sitiyarin haidirolik na waje, mai silinda da ke riƙe ƙafar kai tsaye daga bangon baya, da sandar da ke haɗa ƙafafun biyu. Rabin rangajin a nan ya tafi. A ganina duk mai irin wannan jirgi da ke neman wuce mil 70 da nan ya kamata ya fara, kafin farfela, kafin komai.

Sai farantin ƙari. Na gwada rabin inci, na ji sauƙi amma kwana ba ta ba ni natsuwa ba. Na sa inci ɗaya, sandar farfela ta koma inci huɗu a ƙarƙashin jirgin. Matsin ruwa ya tsaya cak, tashi ya dawo kusa da yadda yake, gudu ya sauka zuwa 73. Na kuma sa ɗan bututun da ke ɗebo ruwa yana feshe saman ƙafar, saboda idan jirgi ya hau saman ruwa rabin ƙafar na sama a iska yake, giyar ciki tana ɗaukar zafi ba mai sanyaya ta.

Juyin farfelun ma na gwada. Daga masana'anta waje suke juyawa, wato kunnuwan sama suna nisantar juna. Ƙafar Bravo tana iya aiki ta kowace fuska, don haka musanya farfelun kawai aka yi aka juya aikin wayar giya. Da suka koma juyawa ciki na samu kusan mil ɗaya, amma jirgin ya zama mai taurin kai a wajen ɗaurewa, idan na sa inji ɗaya gaba ɗaya baya ba ya juyawa a wurinsa kamar da, kuma a kwana ban ji shi a hannuna ba. Bayan fita uku na mayar da su waje.

Na ƙarshe shi ne farfela mai kunne biyar. Ƙarin kunne yana nufin a kowane lokaci akwai ƙarfe da yawa a cikin ruwa, ko da na sama ya leƙo iska. Ta ci mini ɗan juyi, ta rage kusan mil ɗaya a ƙololuwa, amma a tsakiyar gudu, tsakanin mil 40 da 55 inda nake shafe mafi yawan lokacina, jirgin ya zama wani daban. Yana riƙe kwana, kuma idan ya yi tsalle daga taguwa ya sauko farfelun suna cafke ruwa nan take. Wannan cafkewar tana da nata haɗari, don duk ƙarfin bugun a haƙoran giya yake sauka. Dole hannu ya koyi janye maƙura da zarar jirgi ya bar ruwa, ya mayar da ita daidai lokacin da ya taɓa. Ina duba man giya bayan kowace fita mai tsanani, in ga ko maganaɗisun murfin ya tara ƙurar ƙarfe, ko man ya yi fari alamar ruwa ya shiga.

Yanzu littafin yana nuna mil 72 da tanki rabi da mutum biyu, zamewa kashi 12 zuwa 13, sandar farfela inci huɗu a ƙasa. Farfelun masu kunne huɗu suna nan a ajiye cikin akwati, ina ɗaura su idan teku ta kwanta sosai kuma ni kaɗai ne a jirgin. Abokin nan nawa ya sake hawa a watan da ya wuce, muka fita cikin taguwar da ta fi ta wancan karon girma, na karya kwanar hagu a mil 55 da ƙafafun a sauke, yana riƙe da ƙarfen gabansa da hannu biyu har muka miƙe.