Ɗinkin wata uku, sawar yini ɗaya: abin da na gani a Winneba

Ni dai tela ne, shekara goma sha wani abu ina kan keke a Fagge, to duk inda naje idona kan ɗinkin mutane yake fara sauka kafin fuskarsu, wannan ciwon sana'a ne ba yadda zan yi. Shi yasa da na dawo daga Ghana mutane suna tambayata ya teku ya Accra, ni kuma labarin wasu riguna kawai nake ta basu har abokan shago suka fara min dariya.

Asalin tafiyar ba yawon buɗe ido bane, bikin 'yar kawuna aka yi a unguwar Nima ta Accra ƙarshen Disamba, ni na ɗinka kayan ango da na abokansa shi yasa aka ce dole in kai da kaina. Hanya kam ba sai na ja ba, Kano zuwa Legas, Mile 2, Seme, a ratsa Kwatano, Lome, a shigo ta Aflao, kowace iyaka a sauke ku a duba jaka a tambayi katin rigakafi, wani wajen ma sai da aka zazzage kayan angon nan kaf a kan tebur ina tsaye raina na ɓaci saboda gugar da na sha. An dai isa lafiya, an sha biki.

Bayan biki da kwana biyu ɗan kawuna yace min "Yaya, kar ka koma baka ga Winneba ranar sabuwar shekara ba, kai da kake tela ma ya fi kamata ka gani." Nace me ake yi, yace kai dai taho. Yayi karatu a jami'ar koyon malanta da ke garin, yana da abokai a zangon can.

Ranar 31 ga wata muka hau trotro, wato ƙaramar bas ɗinsu ta haya, a tashar Kaneshie. Tafiyar bata fi kilomita 60 da 'yan kai ba amma cunkoson Kasoa kaɗai ya ci mana fiye da awa ɗaya. Ina jin yaron mota na ihun Kasoa Kasoa nace wannan suna kamar na sani, ɗan kawu yace ai kasuwa ce, Hausawa 'yan kasuwa ne suka bar wa wajen sunan har ya danne sunan asali. Haka abin yake a Ghana, kana zaune sai kaji kalmarku ta fito daga bakin wanda bai san sannu ba, waakye ai wake ne, tuo zaafi tuwon zafi, koko kuwa har Hausa koko suke ce masa. A Winneba Junction muka sauka muka shiga tasi zuwa cikin gari.

Garin ba babba bane. Mutanen wajen Effutu ne, su Simpa suke kiran garinsu, suna da yarensu amma Fante ma kowa na ji. Yawanci masunta ne, sai kuma ɗalibai da jami'a ta tara. Tun daga bakin gari warin kifi banda da iskar gishiri suke tarbarka, kuma wai lokacin hunturu ne, hazo ɗan kaɗan a sama, ni dai gumi nake yi suna cewa sanyi ake.

A zango muka sauka gidan wani dattijo, kakansa daga Sakkwato ya zo fatauci bai koma ba. Hausarsa irin ta zango, ba ruwansa da namiji da mace a magana, "matata ya tafi kasuwa", da farko ina murmushi daga baya kunnena ya saba. Bayan la'asar ya sa aka kawo mana dokunu, tuwon masarar nan mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da shito, barkonon nan baƙi mai ɗan karen yaji, na ci ina hawaye ina ƙarawa. Da yaji sana'ata sai yace "ɗana, to bari in haɗa ka da maƙwabcinmu, amma in ya hana ka shiga kar kaji haushi, ko ƙaninsa baya bari ya leƙa."

Abin da ake yi ɗin shi ne bikin shigar dodanni, su suna ce masa Kakamotobi. Duk 1 ga Janairu ake yi. Ƙungiyoyi ne a garin masu lamba, Nobles su ne lamba ɗaya kuma su suka fi tsufa tun shekarun 1920, sai Egyaa lamba biyu, Tumus lamba uku, Red Cross lamba huɗu. Abin ya faro ne daga kwaikwayon Turawan da ke kasuwanci a bakin teku, yadda suke rufe fuska suyi rawa lokacin Kirsimeti, sai 'yan gari suka ɗauka suka mayar da shi tsokana, wannan yayi shigar likita, wancan ta ɗan sanda, wani ta matuƙin jirgi, ana yi wa Bature dariya a gabansa bai san waye a cikin rigar ba. Ni tashe ya tuna min wallahi, yadda yara ke sa gemun auduga suyi shigar tsoho a azumi. Wajen lokacin samun 'yancin kan Ghana a 1957 aka mayar da shi gasa ta sosai da alƙalai da kofi.

To maƙwabcin nan shi ne ɗaya daga cikin telolin wata ƙungiya, ba zan faɗi wacce ba tunda amana ce. Shagonsa na gaba a rufe, aikin a ɗakin baya ake yi an toshe taga da kwali. Ya dube ni sama da ƙasa, dattijon ya masa bayani da Fante, naji dai yana cewa Kano Kano, sai mutumin ya miƙo min wani hannun riga yace in duba. Na juya cikinsa na ga shafin, na nuna masa inda zare ya tattare. Yayi dariya ya buɗe ƙofa. Ashe jarrabawa ce.

Jama'a, ɗakin nan. Keke uku, biyu na ƙafa irin Butterfly ɗin da na koyi ɗinki a kansa, ɗaya na lantarki, yara huɗu a ƙasa suna liƙa duwatsu da ƙyalƙyali da hannu, riguna a rataye tun daga rufi har ƙasa sai kace kantin Kwari ya fashe. Satin ne da leshi da karan-miski, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, wasu an sa musu waya a kafaɗa don su tashi kamar fukafuki, huluna masu gashin tsuntsu dogaye, nan take takalmin gashin jimina na hawan sallah ya faɗo min. Abin rufe fuskar kuma da ragar waya ake yinsa a shafa fenti, fuskar Bature mai jan kumatu, kana ciki kana gani kana numfashi amma ba a gane ka. Yace tun Oktoba suke kai. Kowane ɗan ƙungiya shi ke biyan kuɗin kayansa, mai kamun kifi, mai tuƙa tasi, ɗan makaranta, wasu tun tsakiyar shekara suke zubi kaɗan kaɗan, waɗanda ke Turai kuma su turo nasu har da na ƙannensu. Kuma duk wannan wahalar badi ba za a fito gasa da ita ba, sabon zane za a yi, don in wata ƙungiya ta riga ta ga samfurinka to ka faɗi tun kafin a fara. Shi yasa ake ɓoyewa kamar kayan lefe.

Nace masa maigida, wata uku kana ɗinki don yini ɗaya? Ya tambaye ni ta bakin ɗan kawu, ku a garinku dokin da ake yi wa ado ranar sallah kwana nawa yake yawo da kayan? Na rasa amsa, na ja kujera. Saura riguna bakwai ba a yi musu kalmasa ba ga dare na yi, ni kuma na san wannan tashin hankalin, daren sallah ne sak, mai kaya na tsaye a ƙofa kana rantsuwa saura kaɗan. Na hau keken ƙafa ɗaya muka yi ta yi har wajen ƙarfe biyu. Bama jin yaren juna sosai, in yana son almakashi sai ya haɗa yatsu biyu. Sha biyun dare na yi coci-coci suka ɗauki waƙa, knockout ta ko'ina, yaran suka fita da gudu suna afehyia pa, wato barka da sabuwar shekara, suka dawo suka ci gaba da liƙi.

Da asuba bayan mun fito masallacin zango na fara jin badujala daga nesa. Nan fa zan tsaya, don kiɗan garin nan daban ne. Kowace ƙungiya da 'yan badujalarta, masu begila, masu dogon ƙahon nan da ake zugewa gaba da baya, babban ganga da ƙanana, irin na 'yan sanda a faretin ranar 'yanci, amma abin da suke busawa ba na fareti bane, highlife ne da waƙoƙin coci da duk waƙar da ake yayi a rediyo, an juye su sun koma na rawa. Yaro ɗan shekara sha biyu zaka gani da begilar da ta lotsa an ɗaure da roba yana busawa kumatu kamar zasu fashe kuma baya kuskure. Ɗan kawu yace ba mamaki, makarantar koyon kiɗa ta ƙasa a garin take tun kafin a haɗe ta cikin jami'a a 1992, ga kuma ƙungiyar mawaƙan matasa ta Winneba da duk Ghana an santa, kusan kowane layi akwai wanda ya iya karanta rubutun kiɗa.

A filin jami'a ake gasar. Mun biya kuɗin shiga, rana ta take, mutane maƙil har kan bishiya da katanga. Ƙungiya zata shigo a jere, ƙanana a gaba, wasu basu fi shekara huɗu ba an rufe musu fuska suna tangaɗi, manya a baya, sai masu tafiya a kan dogayen sanduna sun fi rufin kwano tsawo suna rawa da ƙafa ɗaya, ni dai kallonsu kawai ƙirjina ke bugawa. Da farko alƙalai su zagaya su duba kaya, sai maci, sai rawa a hankali, sai highlife, can ƙarshe kuma wata mai sauri da suke kira atwim, nan ne ƙura ke tashi filin ya rikice mata na ihu suna kaɗa zani. Da ƙungiyar telan nan ta shigo na hango rigunan da nayi wa kalmasa, ko ince ina zaton su ne don duk iri ɗaya ne, sai na tsinci kaina ina ihu da mutanen da ban san sunansu ba. Ɗan kawu yace "Yaya, kai da kace kallo kawai zaka yi."

Ba komai ne ya min ba, gaskiya. Ana shan giya sosai a gefe, akpeteshie ɗin nan nasu, zuwa yamma wasu samarin sun fita hayyacinsu, kuma zafin da ke cikin rigunan nan ba wasa bane, na ga yarinya ɗaya an cire mata abin fuska ana mata fifita ana zuba mata ruwan leda. Jira ma yayi yawa, tsakanin ƙungiya da ƙungiya sai a yi ta jawabin manya. 'Yan zango kuma kowa da ra'ayinsa, dattijonmu baya zuwa, yace ya girmi abin, amma jikokinsa tun safe suka ɓace. Shi bikin da yake kaucewa gaba ɗaya Aboakyer ne na watan Mayu, wanda rukunin Tuafo da Dentsefo ke shiga daji su kamo dabba irin barewa da ranta da hannu a kai wa abin bautarsu. Wannan na sabuwar shekara yace wasa ne da ɗinki, kuma 'yan zango na cin kasuwarsu, masu tsire da masu koko da ƙosai tun azahar suka sayar da komai.

Ba ƙungiyarmu ce ta ci ba. Kun ji ni, wai ƙungiyarmu. Mun fita yin magariba muka jiyo ihun daga wani ɓangaren filin, da muka dawo layin telan shiru kamar an yi rasuwa, wata mata na zagin alƙalai da Fante ba sai an fassara min ba.

Washegari kafin mu kama hanya na sauka bakin teku. Kwale-kwale jere a kan yashi, kowanne an masa fenti da tutoci da rubutu, wani ayar Baibul, wani tambarin ƙungiyar ƙwallo, mata na jira da manyan robobi, hayaƙin banda na tashi daga bayan gidaje. Maza kusan talatin sun kama igiyar taru suna ja suna waƙa, ɗaya na bayarwa saura na amsawa. Ɗan kawu ya taɓa ni ya nuna min wani a tsakiyar layin, gajeren wando duk ya yage, amma wuyansa da bayan kunnensa har yanzu ƙyalƙyalin jiya ne bai fita ba.

Na biya yi wa telan sallama na tarar ya cire kwalin taga ya buɗe shagon gaba, yana ɗinke wa wani yaro wandon makaranta. Ya naɗe min ragowar satin ja kamar yadi ɗaya da abin fuska guda da ya lanƙwashe, nace nawa, ya harare ni. A Seme da aka buɗe jakata jami'in ya ɗaga fuskar nan ya juya ta ya dube ni yace malam wannan fa, nace kayan aiki ne. Tana nan rataye a shago saman kekena, yara masu kawo ɗinki basa yarda su shigo sai na juya ta ta kalli bango.