Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Yaran Asabar

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya kwanta jinya, na ce daga nan zan ɗora, toh ku yi min haƙuri, tun ranar Talata wata magana tasa take ta yawo a kaina ta hana ni sakat, sai na sauke ta tukuna. Maganar kuwa ita ce: "Kai ɗan nan, ƙirga yara kafin ka ƙirga ƙwallo."

Kun dai san Kawu shi ne babban kadi, wato shugaban masu ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, a kulob ɗinmu na golf, wanda wasu ke ce wa ƙwallon lambu, shi ke raba wa kowa jakar da zai ɗauka. Shi ya kai ni filin a 1988 ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ba jaka aka fara ba ni ba, buhu aka ba ni. Don mu nan ba koren girin gare mu ba, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami irin na talabijin, birawun ne, yashi ne ake tankaɗewa a kwaɓa da baƙin mai a shimfiɗe kewaye da rami, duk wanda zai buga sai yaro ya ja buhu ya share masa sawu daga ƙwallonsa zuwa ramin. Aikina kenan wajen shekara uku, ƙafafuna kullum baƙi ƙirin, Inna har ta gaji da faɗa. A shekarar ce Vijay Singh ya ci gasar Najeriya a Legas, ya sake ci a 1989, Kawu ya riƙa ba mu labarinsa kamar ɗan unguwarsu. Amma mu yaran buhu ko sanda aka ga ka taɓa sai an kore ka, da reshen darbejiya muke koyon bugu a bayan ɗakin janareto.

Ina faɗin wannan ne don ku gane dalilin da ya sa na kafe a kan sharaɗina ranar da kyaftin ya kira ni.

Tun da Tiger Woods ya ci babbar gasar Masters ta Amurka a 1997 yana ɗan shekara 21, da tazarar bugu 12, manya suka fara sha'awar 'ya'yansu su koya. Sai dai kawowa kawai ake yi, a sauke yaro ranar Asabar uban ya shiga fili, yaro kuma ya yi ta gantali tsakanin motoci da wajen atisaye, wani ya zaro sandar babansa yana wulwulawa ƙanensa na tsaye a bayansa. Shekaru aka yi a haka, Allah ne kawai ke tsarewa. Lokacin na daɗe da barin jaka ina koyarwa, sai kyaftin na wancan lokacin, Allah ya saka masa da alheri, ya ce in haɗa yaran in riƙe su. Na ce ranka ya daɗe na karɓa, amma da 'ya'yan kadi da yaran buhu za a yi. Ya ce a kai kwamiti. A kwamitin ne wani Alhaji, ba zan kama suna ba, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana da ɗan mai jan buhu a layi ɗaya? Ai kowa ya san matsayinsa." Ina tsaye ya faɗa, ko kujera ba a ba ni ba. Kuma ya sani sarai ni ma mai jan buhun ne, na share masa sawu ba sau ɗaya ba ba sau goma ba.

Kyaftin dai ya rinjaye shi, muka fara da yara tara.

Daren da za mu fara na je wa Kawu da takarda, na rubuta yanda zan koyar da riƙon sanda da tsayuwa, har da lissafin ƙwallaye sittin da aka ba ni aka ce in ɗaya ya ɓata a albashina. Ya saurara har na gama, sannan ya ce min waccan maganar. Ya ce ƙwallo in ya ɓata a kanti ake sayo wani. Daga nan ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya ɗora min a tafin hannu ya ce in matsa. Abu ne da bai kai giram 46 ba amma tauri kamar tsakuwa, ya ce wannan in ya sami yaro a ido magana ta ƙare, kuma sandar ta fi ƙwallon haɗari, don yaro ba ya duba baya kafin ya ɗaga.

Toh a kan haka na gina komai. Da asuba nake zuwa in ja layi da toka, kowane yaro da da'irarsa, taku biyar nawa tsakanin wannan da wancan. A bayansu akwai igiya, wanda ba layinsa ba ne yana bayan igiya kuma hannunsa babu sanda. Bahago a ƙarshen layi ta dama yake tsayawa don ya fuskanci sauran, in ka saka shi a tsakiya zai juya wa na kusa da shi baya, sandunansu su haɗu a sama ko a kan wani. Usur ɗaya a buga, usur biyu kowa ya ajiye sanda a ƙasa, sai na ga sandar ƙarshe ta kwanta sannan a tafi tsintar ƙwallo. Ƙananan da ƙwallon tanis suke farawa. Kuma kafin yaro ya koyi komai sai ya koyi ihun "Fo!", in ya ji an yi kuma kar ya ɗaga kai yana neman ƙwallo, ya duƙa ya rufe kansa da hannu biyu. Wannan darasin suka fi so, don an ba su damar ihu.

Kuskure ɗaya da nake nadama har yau, tsofaffin sandunan manya na kwasa na kai wa mai walda ya yanke. Ashe in ka yanke sanda ƙara tauri take yi, kan kuma yana nan da nauyinsa na babba, yara biyu suka riƙa kukan wuyan hannu ban gane ba sai da aka jima. Daga baya wata Hajiya ta sayo mana na yara marasa nauyi da kuɗinta.

Ita Hajiyar ce kyaftin ɗin mata, kuma ita ta sa aka samu 'yan mata, don na ce ba zan karɓi yarinya ko ɗaya ba sai da babbar mace a zaune a wajen. Ran da ba ta nan Maman yara ke zuwa da ɗinkin hularta ta zauna gindin mangwaro. Haka kuma babu babban da zai keɓe da yaro, har ni, ko banɗaki ne su biyu suke tafiya. Ina da littafi, wa ya kawo, wa zai ɗauka, lambar wayar uwa ko uba, mai asma ko sikila in rubuta da jan biro. Ƙarfe bakwai mu fara, tara da rabi mu tashi saboda rana da Islamiyya, jarkar ruwa biyu a inuwa, lokacin bazara duk bayan minti ashirin sai kowa ya sha ko bai ji ƙishi ba. Da azumi gangara ƙwallo kawai muke yi a birawun bayan la'asar. Da damina ko sau ɗaya na ji tsawa an tashi, kuma ba a fakewa gindin bishiya, cikin gini ake shiga, mutum riƙe da ƙarfe a buɗaɗɗen fili ai ba sai an yi bayani ba. Dogon ciyawa kuwa na hana su shiga gaba ɗaya saboda maciji. A 2019 dokar golf ta rage lokacin neman ƙwallo daga minti biyar zuwa uku, ni nawa yaran ko minti ɗaya ban taɓa ba su ba. Cikin ƙwallaye sittin ɗin nan sha huɗu suka ɓace a watan farko, aka cire a albashina, na sa hannu.

Kar ku ɗauka doka ce kawai. Ramin golf faɗinsa inci huɗu da kwata ne, ya yi wa ɗan shekara shida ƙanƙanta, sai na kifa bokiti a gefe su riƙa aunawa, a raba su jar tawaga da koriya, wanda ya ci biskit da lemo, wanda bai ci ba shi ma biskit. Muka yi namu ramukan na taku hamsin. Da gangan nake haɗa ɗan memba da ɗan kadi a tawaga ɗaya, cikin wata biyu wallahi ba ka bambance su sai ta takalmi. Akwai wata yarinya 'yar shekara tara da ta zo ta same ni ta ce, "Koci, bakwai na yi ba shida ba, na taɓa ƙwallon ya motsa ba wanda ya gani." Ranar na kasa magana. A wannan wasan kai ne alƙalin kanka, yarinyar ta gane abun da wasu masu furfura ba su gane ba.

"Kowa ya san matsayinsa." Ina jin ta a kunnena yanzun nan da nake rubutu.

Shekara ta biyu muna da yara 23. Wata Asabar aka yi manyan baƙi, Alhajin nan ya aiko a kira ni in zagaya da su rami tara. Na ce ina tare da yara. Ya taso da kansa ya ce direbansa zai tsaya da su, ai tsayuwa ce kawai. Na so in ƙi, amma na tuna albashi, na tuna haihuwar Auta saura wata ɗaya, na cire usur daga wuyana na miƙa wa direban na tafi. Muna rami na huɗu na hango yaro yana gudu yana ɗaga hannu. Da na iso igiyar tana ƙasa, direban yana can jikin mota yana waya, ɗan wani abokin aikina kadi yana zaune a kan toka, jini ya rufe masa ido ɗaya yana sauka kan rigar makarantarsa, don ita ce rigarsa mai kyau, ita yake sakawa duk Asabar. Ya sunkuya ne zai ɗauko ƙwallo, ɗan Alhajin ya ɗaga sandar ƙarfe mai lamba bakwai ya same shi a saman gira. Shi ma ɗan Alhajin kuka yake har da shessheƙa, yaron kirki ne, ban taɓa ganin laifinsa ba. Na danne wajen da tawul ɗin jaka, yaron ya riƙe hannuna bai ce zafi ba, cewa ya yi, "Koci, korata za a yi?"

Ɗinki shida aka yi masa. Da sandar ta sauko yatsa ɗaya da idon ya tafi.

Korar kuwa aka yi. Kwamiti ya zauna ya ce 'ya'yan kadi ba su da natsuwa, a dakatar da su, maganar direba ko wanda ya aiko a kira ni babu wanda ya tayar. Ni aka ba takardar gargaɗi, tana nan a akwatina har yau. Wata bakwai ina koyar da su a ɓoye a filin makarantar firamare da yamma, kafin Hajiya ta tsaya kai da fata ta ce ko a dawo da su ko ta janye 'yan matan duka.

Abun da ya fi takardar ciwo shi ne Kawu. Da daddare na je na zayyana masa komai ina jira ya zagi Alhaji, sai ya ce, "Wa ya miƙa usur ɗin?" Na yi shiru. Ya ce Alhaji ba shi aka ba amanar yara ba. Tun ranar ko gwamna ne ya zo ba na barin layi, an gwada ni sau biyu, na ce a yi haƙuri.

Yaron mai ɗinki shida kuwa, shi na fara kaiwa Jos ya yi wasa a Rayfield, filin da ke nan tun 1913, a motar haya muka je da jakar aro. Yanzu koyarwa yake yi a wani fili a Abuja, tabon yana nan a girarsa. Shekarar da ya ci kofin matasa a kulob ɗinmu Alhajin ne aka ba ya miƙa masa, ya yi ta tafi yana cewa "yaronmu ne, yaronmu ne". Ina tsaye a baya ban ce komai ba, sai yau.

Na yi nisa, bari in koma inda na tsaya. Lokacin da Kawu yake kwance, duk Asabar daga fili wajensa nake wucewa kafin in je gida. Ba ya iya tashi, magana ma da ƙyar, amma da na yi sallama na durƙusa sai ya ce, "Nawa ne yau?" In ce sha tara Kawu, ko ashirin da ɗaya. Sai ya ce, "Nawa suka koma gida?" In sake faɗa masa, sannan ya lumshe ido ya ce a ba ni ruwa. Asabar ta ƙarshe ma haka ya tambaya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ranar Lahadin da yadda aka yi da jakarsa.