Wa Ya Cancanci Sassauci? Abin Da Na Gani A Rikicin Bashin Gidaje Na Amurka

Har gobe raina yana ɓaci idan na ji an ce game da waɗanda suka rasa gidajensu a rikicin bashin gidaje na Amurka "ai su suka jawo wa kansu". Na yi aikin cike wa mutane takardun neman sassaucin bashin gida a Amurka lokacin HAMP, shirin rage wa masu bashin gida biyan wata, wanda gwamnatin Obama ta fito da shi a 2009, kuma yawancin gidajen da na ga an ƙwace, jinkiri ne ya cinye su tun kafin a kai ga tantance mai gaskiya da mai ganganci.

A lokacin da shirin ke aiki, a takarda lissafin ba shi da wuya. Gidan ya zama a ciki kake zaune, bashin ka ci shi kafin farkon 2009, kuma ragowarsa kada ta wuce dala 729,750. Sai a mayar da biyan wata, haɗe da harajin gida da inshora, zuwa kashi 31 cikin ɗari na abin da kake samu kafin a cire haraji. Ana fara rage kuɗin ruwa har zuwa kashi 2, in bai isa ba a ja wa'adin zuwa shekara 40, in har yanzu da saura a jingine wani ɓangare na uwar kuɗin sai ranar da aka sayar da gidan ko wa'adi ya cika. Mai samun dala 4,000 a wata zai koma biyan 1,240.

Inda gizo ke saƙar shi ne watanni uku na gwaji. A ce da can kana biyan 1,900, aka ce ka riƙa biyan 1,240. Ragowar 660 ɗin nan ba a yafe ta ba, tana nan tana taruwa a kanka. Wata uku kuma yakan zama goma, domin kamfanin da ke karɓar biya zai ce takardar albashinka ta tsufa, ka kawo sabuwa. Kafin su duba sabuwar, ta banki ta tsufa. Ranar da suka ce ba ka dace ba, sai ka wayi gari ana bin ka 6,600 da tarar jinkiri, sunanka ya ɓaci a rajistar masu bashi, wani ofishin kamfanin kuma tuni ya yi nisa da shirin gwanjon gidan. Na riƙe fayil ɗin da aka mayar saboda shafi ɗaya na takardar banki, farin shafi da ba komai a kansa sai lamba, ba ya ciki. Mai gidan bai taɓa fashin biyan gwaji ba.

Saboda haka a lokacin duk wanda ya zauna a gabana, ga abin da nake nanata masa: bambancin kuɗin nan ka ajiye shi gefe in kana da hali, kada ka taɓa. Lambar bashi a kan kowane shafi. Kowane shafi a aika, har fararen. A riƙe shaidar aikawa, a rubuta ranar kowane kiran waya da sunan wanda ya ɗauka. Takardar kotu ko ta gwanjo in ta zo, a amsa ta ko da an ce maka a waya "kada ka damu".

Me ya sa aka jibga wannan shinge? Tsoron kada a taimaki wanda bai cancanta ba. A Fabrairun 2009 ɗan jarida Rick Santelli ya tsaya a kasuwar hada-hada ta Chicago yana tambaya a tashar CNBC ko akwai mai son biya wa maƙwabcinsa bashin gida, maganar da ta hura wutar ƙungiyar Tea Party ta masu ra'ayin riƙau. Ban raina ƙorafin ba. Mutumin da ya haƙura da haya, ya ƙi cin bashin da ya fi ƙarfinsa, yana da hujjar jin haushi. Na kuma ga masu gida uku da suka saya don su juya, shirin na farko ma bai ɗauke su ba, kuma daidai ne.

Amma ma'aunin bai hau kan kowa daidai ba. A Oktoban 2008 an amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna, ba wanda ya sa su rubuta wasiƙar bayyana ƙuncin da suke ciki kamar yadda aka sa masu gidaje. A Janairun 2010 masu rukunin gidajen Stuyvesant Town na New York, da suka saya dala biliyan 5.4, suka miƙa wa masu bin su bashi suka kama gabansu, aka kira shi dabarar kasuwanci. Direban bas ya yi haka, a ce ba shi da amana. Kamfanin ba da bashin gida na Countrywide ya amince da biyan dala miliyan 335 a 2011 kan zargin ɗora wa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka bashi mai tsada fiye da takwarorinsu farare. To wa ya yi gangancin?

Mu da muka tashi da aya ta 280 ta Suratul Baƙara, ƙunci shi ne sharaɗin jinkirta wa wanda ake bi, kuma ƙunci ana gane shi da takardar albashi biyu da ta haraji. A shirin HAMP an yi alkawarin kaiwa ga iyalai miliyan 3 zuwa 4, aka rufe karɓar takardu a ƙarshen 2016 ba a cika shi ba. Da an ɗaure kamfanonin da wa'adin yanke hukunci mai tara mai zafi, aka hana gwanjo tun ranar farko muddin fayil na buɗe, da watanni ukun nan ba su zama tarko ga waɗanda suka biya su cif ba.