Inda na kwana da garin Spencer na kwali

'Yan uwa masu koyon haɗa ƙananan garuruwa da kwali da katako, barkanmu da ƙoƙari. Ga inda aikina ya tsaya wannan satin.

Garin da nake kwaikwayo sunansa Spencer, wani ɗan ƙaramin gari ne a jihar Karolina ta Arewa can kudancin ƙasar Amurka, kuma abin da ya ja ni gare shi shi ne jirgin ƙasa ne ya haife shi ɗungurungum, kusan irin yadda dogo ya raya Kafanchan a nan wajenmu. A 1896 kamfanin Southern Railway ya kafa babban loko, wato wurin gyaran kawunan jirgi, a wurin saboda ya faɗo kusan tsakiyar hanya tsakanin Washinton da Atlanta, kawunan jirgi masu cin kwal ba sa doguwar tafiya sai an tsaya an duba su an zuba ruwa da kwal. Sunan ma na shugaban kamfanin na farko ne, Samuel Spencer. Garin kansa sai 1905 ya zama gari a hukumance, wato loko ya girme shi.

Shi ya sa na fara da lokon kafin gida ko ɗaya, kuma ina ba duk mai irin wannan aikin shawara ya yi haka, don in ka kafa wurin aikin to sauran garin da kansa zai nuna maka inda zai zauna.

Maganar awo ita ta fi cin lokaci. Babban ɗakin gyaran da suka gina a 1905 tsawonsa ya kusa ƙafa 600, in ka bi ma'aunin 1:87 da yawancin masu wannan sana'ar ke so, wato ka raba ainihin tsawon gida 87, sai ya zarce mita biyu, ina zan kai shi a ɗakina? Sai na koma 1:160, ya dawo mita ɗaya da 'yan kai, ya hau falankina daidai. Bangon na yi da kwalin katan mai kauri, na zana layin bulo da bayan reza ba da kaifin ba don kar ya huda, na shafa jan fenti mai ruwa-ruwa sannan na goge da tsumma tun bai bushe ba, sai fentin ya maƙale a cikin layukan.

Wanda ya fi burge ni kam zagayayyen ɗakin kwanan kawunan jirgin ne na 1924, mai ƙofa 37, da faifan juya kan jirgi mai faɗin ƙafa 100 a gabansa. A ma'aunina faifan ya kama santimita 19, na yanko shi daga filawud na soka ƙusa a tsakiya yana juyawa sumul, tsinken ashana kuma su ne katakan ƙarƙashin dogo, ɗaya bayan ɗaya da gam, aikin sai mai haƙuri wallahi. Ƙofa 37 ɗin nan ba zan rage ko ɗaya ba, saboda yawansu ne ke gaya wa mai kallo cewa wurin nan ya taɓa ɗaukar ma'aikata kusan 3,000, maƙera da kanikawa da leburori, a garin da bai taka kara ya karya ba.

Ga dabara ɗaya da ta yi min aiki: ku daka gawayi ya yi laushi sosai, ku ɗiba da busasshen buroshi ku bi saman rufi da bakin tagogi. Garin loko ba ya zama fes, kuma ni a ganina duk wanda ya bar nasa yana ƙyalli bai yi wa mutanen da suka shaƙi hayaƙin adalci ba.

Shekarar da zan tsayar da garin ma sai da na yi tunani, don a 1953 kamfanin ya gama komawa injin dizal wanda ba ya buƙatar hannaye da yawa haka, zuwa 1960 an rufe manyan ɗakunan gyaran, aiki ya yi ƙasa, yau wurin gidan tarihin sufuri ne na jihar. Na zaɓi wajen 1925, lokacin da komai ke ci.

Saura jerin shagunan titin Salisbury masu fuskantar lokon, da gidajen East Spencer a ɗaya tsallaken dogon. Wanda ya san abin da zan yi gilashin taga da shi wanda gam ba zai sa shi ya yi fari ba, don Allah ya taimaka min.