Gyaran tsohon garmaho da kuɗi kaɗan

Yawancin tsofaffin garmahon da ake cewa sun mutu, da sauran ransu. Giris ne ya daskare, ko roba ta tsufa, ko allura ta cinye, ko bakin wayoyi ya yi tsatsa. Biyu daga cikin huɗun nan, giris da tsatsa, kusan ba sa cin ko sisi, haƙuri da tsumma kawai suke so. Abin da ke cinye aljihu shi ne mutum ya fara da sayayya, ya kawo sabuwar allura da sabon bel, sai daga baya ya gano injin ya ƙone ko gindin hannun da ke ɗauke da allura ya karye. Don haka bincike ake fara yi, sayayya ta biyo baya.

Kada ka jona shi da wuta da zarar ya shigo hannunka. Juya bayansa ko ƙarƙashinsa ka karanta ɗan allon da ke manne. Idan an rubuta 110V ko 120V alhali wutar gidanka 220V zuwa 240V ce, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone injin, sai da taransifoma mai rage wuta. Lamba ta biyu da mutane ke tsallakewa ita ce 50Hz ko 60Hz. Injin tsofaffin na'urori da yawa yana ɗaukar saurinsa ne daga bugun wutar kanta. Wanda aka ƙera don 60Hz, kamar na Amurka, idan ya sha wutar 50Hz zai yi kashi biyar cikin shida na gudunsa, faifan da ya kamata ya yi zagaye 33⅓ a minti ya koma kusan 28. Taransifoma ba ta magance wannan. Sai an sauya ɗan gurun ƙarfen da ke kan sandar injin da wanda ya dace da 50Hz, kuma yana da wuyar samu. Ka san da haka kafin ka kashe komai a kansa.

Duba igiyar wuta. Idan robarta ta bushe tana tsagewa, sauya ta. Ɗauki mitar gwajin lantarki, ka sa ta a ma'aunin om, ka auna kan filogin, makunni a kunne: injin da ke da lafiya zai nuna wata lamba, sau da yawa ɗaruruwan om. Idan mita ba ta motsa ba, kafin ka yanke wa injin hukunci duba fiyus da makunnin. A gefen makunni akan sami ƙaramar kafasita mai hana tartsatsi. Idan jikinta ya tsattsage, cire ta ka sa sabuwa mai lamba ɗaya da aka yi don wutar gida, domin tsofaffin sukan fashe da hayaƙi mai wari.

Garmahon akwati mai amfilifaya ta fitilun gilashi a ciki yana da nasa haɗari. Wasu masu arha an ƙera su ba taransifoma, ƙarfen jikinsu na iya ɗaukar wutar gida kai tsaye, kuma manyan kafasitocinsu kan riƙe caji bayan an zare filogi. Wanda bai saba aikin wuta ba ya tsaya a kan injin da hannu, ya bar amfilifayar ga mai gyaran rediyo.

Yanzu ɗaga farantin da ake ɗora faifai. A wasu, cire shimfiɗar roba kawai za ka yi ka ja shi sama. A wasu akwai ɗan zoben ƙarfe mai kama da harafin C a tsakiya, ka zare shi da ƙaramar sukurudireba, ka rufe shi da tafin hannu don yana tsalle ya ɓace. Abin da ka gani a ƙasa shi zai gaya maka irin aikin da ke gabanka. Ko dai bel na roba ne ya haɗa inji da faranti, ko ƙaramar tayar roba ce ke shiga tsakanin sandar inji da cikin bakin farantin, kamar a yawancin Garrard da BSR na Ingila da tsofaffin Dual na Jamus, ko kuma farantin a kan injin yake zaune kai tsaye, kamar Technics SL-1200 da ya fito a 1972. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance kowane sukuru ko sifirin.

Bel ya fi sauƙi. Idan ya saki, faranti zai yi jinkirin tashi, sauti ya riƙa lilo. Idan ya daɗe ƙwarai yakan narke ya zama baƙin danƙo kamar kwalta. Goge shi tas da auduga da sinadarin isopropyl, wani irin sifirit na goge-goge, a jikin faranti da kan gurun inji, har auduga ta fito fari. In ba ka sami bel da sunan na'urar ba, zagaya zare ta hanyar da bel ɗin ke bi, ka auna tsawonsa, ka rage kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ka kuma auna faɗin wurin zamansa. Kada ka ce matsattse ya fi: yana jan sandar inji gefe, ya cinye boris, ya kai girgizar inji cikin allura. Robar ɗaure kuɗi tana iya nuna maka ko injin na juya faranti, amma ba ta sauraron waƙa ba ce, kaurinta ba daidai yake ba.

Tayar roba kuwa da tsufa take ƙyalli ta yi tauri, sai ta riƙa zamewa. Cire ta, ka wanke gefenta, ka ɗan goga takardar yashi mafi laushi a hankali kana juya ta, don kawar da ƙyallin kawai. Idan ka ji "dum, dum" a kai a kai, tayar ta yi lotso saboda an ajiye na'urar shekaru tana danne da sandar inji. Wannan ba ya goguwa, sai wata tayar ko a sake mata roba. Ɗigon mai ɗaya a sandarta ya isa, kuma kada ko kaɗan ya taɓa robar ko cikin bakin faranti.

Inda aikin ya fi yawa shi ne na'urori masu ɗaga hannu da kansu ko masu sauke faifai ɗaya bayan ɗaya. Giris ɗin da aka sa musu shekara arba'in ko hamsin da suka wuce ya koma kamar busasshen ƙaro. Alamarsa: hannu ya ƙi tashi, ko ya tsaya a tsakiyar hanya, ko maɓallin sauri ya ƙi juyawa, ko faranti ya kafe. Nan ne ake karya abubuwa. Kada ka tilasta wa kowane maɓalli, kuma kada ka riƙe hannun ka ja shi yayin da injin ke tsakiyar aikinsa. Idan faranti ya manne da sandarsa, ɗiga isopropyl a tsakiya, ka hura masa ɗumi da na'urar busar da gashi na 'yan mintuna, kana ɗan murɗa shi hagu da dama har ya saki. Daga nan cire babban giya mai kwarin da ke tuƙa hannu, ka kankare tsohon giris da tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori, ka wanke, ka shafa sabo siriri a kwarin da wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe. A jikin giyar akwai wasu 'yan ƙarafa biyu sirara da ke sanar da na'urar cewa faifai ya ƙare. Waɗannan wankewa kawai suke so, a bar su a bushe suna motsi da kansu idan an karkata giyar. Duk wanda ya shafa musu giris zai ga allura tana maimaita layi ɗaya a ƙarshen faifai, ko hannu ya ƙi komawa. Fesa WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, a ciki ba gyara ba ne. Yana sassauta abin na ɗan lokaci, ya bazu kan roba, matsalar ta dawo.

Inji da sandar faranti man keken ɗinki ya ishe su: ɗigo ɗaya ko biyu a boris na sama da na ƙasa. Idan akwai ƙaramin ƙwallon ƙarfe a gindin sandar faranti, kula kada ya faɗi. Bayan ka sa mai, juya farantin da hannu ba bel, ya kamata ya daɗe yana juyawa shiru. Kafin ka mayar da tunaninka ga sauti, duba sukurorin da ake ɗaure na'ura da su don tafiya. Idan suna ɗaure, jikin ba zai yi lilo a kan sifirin ɗinsa ba, duk takun ƙafa sai ya shiga sifika.

Gwada sauri ba ya buƙatar sayen komai. Manna ɗan tef a gefen faranti ka ƙirga: a 33⅓ zagaye 100 ne cif a minti uku, a 45 kuwa zagaye 45 a minti ɗaya. Idan yana gaggawa ko jinkiri kaɗan a na'ura mai maɓallin daidaita sauri, galibi datti ne a cikin maɓallin. Fesa masa ruwan wanke mahaɗar lantarki ka murɗa shi sau ashirin ko talatin.

Sai hannu da kan allura, wato ɗan akwatin da ke bakin hannun wanda allura ke maƙale a jikinsa. A bayan kan akwai wayoyi huɗu sirara: fara da shuɗiya na hagu, ja da koriya na dama. Idan sifika ɗaya ta yi shiru, musanya filogi biyun da ke shiga amfilifaya. In shirun ya koma ɗaya gefen, laifin na garmaho ne. Zare 'yan maƙalan wayoyin da hantsaki, ka goge su, ka ɗan matse su, ka mayar. Kada ka taɓa sa dalma kai tsaye a ƙafafun kan, zafi yana tsinka siririyar wayar da ke ciki. Idan kan mai maganaɗisu ne, za ka iya auna shi da mita ta dijital: ɓangarorin biyu su ba da lamba kusan ɗaya, yawanci ɗaruruwan om. Ƙugi mai kauri da ke ƙaruwa idan ka taɓa hannun yana nufin wayar ƙasa ba ta ɗaure a bayan amfilifaya ba, ko ta tsinke.

Ka san irin kan da kake da shi, domin nan ma ana ɗora wa lafiyayyar na'ura laifi. Mai maganaɗisu yana fitar da wuta 'yar mitsitsiya, kamar 3mV zuwa 5mV, dole ya shiga ramin amfilifaya da aka rubuta PHONO, inda ake ƙara masa ƙarfi a kuma dawo da kaurin sautin da aka rage lokacin yanka faifai. Idan ka sa shi a AUX za ka ji shi can ƙasa-ƙasa, siriri. Na seramik yana fitar da ɗaruruwan mV, idan ya shiga PHONO sai sauti ya cushe ya fashe. Tsofaffin kawuna na kiristal kuma danshi yana kashe su, ba sa gyaruwa, sai sauyi.

Allura ce wurin da bai kamata a yi ƙwauro ba. Idan ba ka san tarihinta ba, ɗauke ta a matsayin cinyayya, domin allurar da ta cinye tana sassaƙe layin faifai, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ta lu'ulu'u tana kai ɗaruruwan sa'o'i, ta yakutu kuwa 'yan gomomi kawai. Nemi sabuwa da lambar da ke jikin kan, ba da sunan garmahon ba, don mai yiwuwa an taɓa sauya shi. Faifan 78, wato mai zagaye 78 a minti, layinsa ya fi faɗi, allurarsa ta ninka ta faifan 33⅓ kauri wajen sau huɗu, shi ya sa wasu kawunan ke da allura biyu da ake juyawa. Kuma kada isopropyl ya kusanci faifan 78, yana narkar da shi.

Nauyin da allura ke sauka da shi a auna shi da ƙaramin sikelin dijital, a tsayin da faifai ke zama. Don tabbatar da sikelin, naɗe takardar A4 mai 80gsm ka ɗora, ya kamata ya nuna giram 5 ko kusa da haka. Kai mai maganaɗisu yawanci giram 1.5 zuwa 3 yake so, na seramik 3 zuwa 6, amma bi lambar da kamfanin ya bayar, ka fi karkata ga samanta. Rashin nauyi yana sa allura ta riƙa karo da bangon layi, ɓarnarsa ta fi ta ɗan ƙarin nauyi. Idan akwai maɓallin hana zamewa ciki, sa shi daidai da lambar nauyin. Kada a ɗora kwabo a kan hannu don hana tsalle. Tsalle daga wani wuri yake zuwa: teburi ya karkace, ko allura ta lanƙwashe, ko wayoyin cikin hannu sun ɗaure, ko gindinsa ya yi tauri. Daidaita hannun ya tsaya a iska ba nauyi, ka hura masa iska kaɗan daga gefe, ya kamata ya tafi sumul har tsakiya ba tare da ya cije ba. Gwajin farko ka yi shi da faifan da ba ka jin asararsa, ka saurari waƙar ƙarshe ta kusa da tsakiya, don a nan ne duk kuskuren daidaitawa ya fi fitowa fili.