Tarihin rayuwata, kashi na 17: Wutar da Gwaggo ta ce kishi ce

Makon jiya na tsaya a daren da aka kawo amarya gidanmu na unguwar Bilbis, a Tawa. Na so in wuce kai tsaye zuwa haihuwar ɗiyata ta uku, amma maganar Gwaggo ta tare mini hanya, sai na sauke ta tukuna.

A 1994 ne, shekarar da aka karya darajar sefa. Malam ya dawo daga Abijan da ɗan abin hannunsa, ya ƙara aure, ni kuma ina da ciki wata bakwai. Kullum bayan isha'i, da na ci tuwo na kwanta, sai wani zafi ya taso daga ƙahon zuciyata ya hau har maƙogwaro, ruwa mai tsami ya cika mini baki. In tashi zaune, in jingina da bango har asuba. Matan unguwa suka ce gashin yaro ne, ɗa mai suma zan haifa. Wannan bai dame ni ba. Gwaggo ce, ranar da ta same ni bakin murhu ina dafe da ƙirji, ta ce a gaban amarya da danginta: "Wutar kishi ce, ba ta da magani a gidan likita."

Aka yi dariya. Ban tanka ba, don Inna ta aurar da ni da cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Na haɗiye. Shekara goma sha takwas ina haɗiyewa, har ni kaina na fara yarda cewa zuciyata ce ba ta da kyau. Ina yin istigfari kan ciwon da ba laifina ba.

Na haihu, ƙwarnafin ya lafa, ya dawo sa'ad da na fara sayar da abinci a tasha. Ku duba yadda nake rayuwa a lokacin. Yini guda ina duƙe kan tukunya, zane ɗaure tamau a ciki. Ba na samun zama in ci sai ƙarfe goma na dare, in cika ciki da shinkafa da mai da tonka da ɗanyar albasar Galmi, in karɓi shayin da yaran fada ke miƙo mini, mai na'ana'a, in faɗi kan tabarma. Gwiwa na ciwo, ina sayen ibuprofen wurin masu talla, biyu da safe biyu da dare. In wutar ta taso in jiƙa ungurnu in sha, in yi gyatsa, in ji sanyi na ɗan lokaci. Gwaggo in ta ga ƙoƙon kanwar sai ta ce, "Har yanzu ba ta huce ba?"

Sai a 2012 'yar farina, wadda ke aure a Yamai, ta ce, "Inna, wannan karon ba za ki koma Tawa ba sai likita ya gan ki." Aka zura mini siririn tiyo mai ido ta baki. Likitan yaro ne, bai kai ɗana ba, amma ya zaunar da ni ya zana mini a takarda. Ya ce, "Hajiya, inda maƙoshi ya haɗu da tumbi akwai wani nama kamar bakin zuge. Yana buɗewa abinci ya wuce, ya rufe. Tumbi na da ruwa mai ƙarfi da yake narkar da abinci, kuma an yi masa rigar da ke kare shi. Maƙoshi ba shi da wannan rigar. In bakin ya saki, ruwan ya hau, shi ne zafin da kike ji." Ya ce mai ciki takan samu, don jiki na saki kuma ɗa na danno tumbi sama. Maiƙo, shayi mai ƙarfi, na'ana'a, taba, ƙiba, cika ciki, kwanciya da an gama ci, duk suna ƙara shi. Ibuprofen da aspirin da diclofenac kuma suna cin rigar tumbin kanta.

Na tambaye shi, ina jin kunya, ko kishi na kawo shi. Bai yi dariya ba. Ya ce damuwa takan sa mutum ya fi jin zafin, amma ba ita ke buɗe bakin ba. Na fita na zauna ƙarƙashin bedi na yi kuka, 'yata ta ɗauka mugun labari aka ba ni.

Akwai abin da ya faɗa da ban gaya wa kowa ba sai yau. Ya ce in zafin ƙirji ya zo da nauyi kamar an aza dutse, ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa da ƙarancin numfashi, a ruga gidan likita, don yana iya zama zuciya. Malam ya rasu a 2009. Daren nan ya ce mini ƙwarnafi ne, yana zufa, yana murza hannu. Ni da hannuna na jiƙa masa kanwa. Kwana ya ƙare, na sani, Allah ya jiƙansa. Amma ƙoƙon nan ban sake shan komai a cikinsa ba.

Likita ya rubuta mini omeprazole, miligiram 20, ƙwaya ɗaya da safe, rabin awa kafin in karya, har mako takwas. Ya hana ni kanwa, ya ce tana kashe tsamin nan take, amma gishirin da ke cikinta na tayar da hawan jini, ni kuwa ina da shi. Ya ce in ci kaɗan kaɗan, in bar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, in kwanta ta gefen hagu, a ɗaga ƙafafun gado na wajen kai kamar santimita 15 zuwa 20. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa ciki kawai yake. Ya gargaɗe ni, in abinci ya fara tsaya mini a wuya, ko na yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ina ramewa ba dalili, in dawo ba jira.

Azumi ne ya fi ba ni wuya. Na saba in sha hura da sahur in koma barci. Yanzu ina zaune da tasbaha har gari ya waye, da buɗa baki kuma dabino da ruwa, soye-soyen sai ɗan taɓawa.

Da na koma Tawa na tarar da Gwaggo ta tsufa ƙwarai, tana kwana zaune, ƙoƙon kanwa a gefenta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba kishiya ba kowa. Maganar ta zo mini har baki. Na aiki jikana ya ɗauko tubali biyu ya sa a ƙafafun gadonta, na ce wa matar ɗanta ta riƙa ba ta tuwo tun magariba, kuma su kai ta a duba ta. Bayan kwana goma ta aiko mini da goro biyar. Har ta koma ga Allah ba ta ce mini ta yi kuskure ba, kuma dangin amarya da suka yi dariya ranar nan wasunsu na nan da rai, suna gaishe ni a kasuwar Lahadi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, haihuwar da na tsallake.