A Bakin Tekun Scheveningen

Jiya da yamma na tsaya a bakin tekun Scheveningen a ƙasar Holan, iska sai kaɗa min riga take. Can cikin ruwan nan ne jirgin gidan rediyon Veronica ya taɓa kafa anga, saboda a wancan zamani doka ba ta yarda da rediyon kasuwanci a tudu ba. Wannan gidan rediyo ne ya fara jadawalin waƙoƙi 40 mafi farin jini a ƙasar, ranar 2 ga Janairu 1965, da muryar Joost den Draaijer. Gwamnati ta rufe musu baki a ƙarshen Agustan 1974, amma jadawalin ya ƙi mutuwa. Wata gidauniya ta karɓe shi, har yau duk mako ana fitar da shi.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na daɗe ina kallon ruwan.